Wata Tara a Kwarin Kaladan: Tarihin Isaac Fadoyebo

Duk wanda ya zauna Kaduna ya san barikin Dalet da na Kalapanzin, mutumin Zariya kuma ya san barikin Chindit. A Legas akwai Dodan da Arakan da Myohaung, a Ibadan akwai Letmauk, a Akra ta ƙasar Gana kuwa babbar hedikwatar soja ma Burma Camp ake ce mata. Kullum 'yan kamasho da masu a-daidaita-sahu suna kwaɗa kiran sunayen nan, fasinja ya sauka ya biya ya wuce, bai san cewa yawancinsu sunayen ƙauyuka da koguna ne na yammacin Bama, ƙasar da yau ake kira Myanmar, inda kakanninmu suka zubar da jini a Yaƙin Duniya na Biyu ba. Chindit ne kaɗai ba wuri ba. Sunan wata runduna ce ta musamman da ake jefawa can bayan abokan gaba, wadda bataliya uku ta sojan Najeriya ta yi aiki a cikinta a 1944.

'Yan Afirka wajen 100,000 ne suka je wannan fage. Waɗanda Allah ya yi wa sauran kwana sun dawo, wasu suka koma gona, wasu gadi, wasu aikin ɗan doka, suka mutu da labarinsu a ciki, sai ɗan abin da suka gutsura wa jikoki a zaure in hira ta yi daɗi. Kaɗan ƙwarai ne suka zauna suka rubuta. Ɗaya daga cikin waɗannan kaɗan ɗin shi ne Isaac Fadoyebo. Bayarabe ne, Kirista ɗan ɗarikar Angilika, amma kakin da ya sa shi ne wanda 'yan mazan jiyanmu na Kano da Katsina da Bauci suka sa, dajin da ya kwanta shi ne wanda suka kwanta, mutumin da ya ceci ransa kuma Musulmi ne, talakan manomi. Saboda haka labarinsa bai yi mana nisa ba.

An haife shi ranar 5 ga Disamba 1925 a Emure-Ile, wani ƙauye kusa da Owo, a jihar Ondo ta yanzu. Ya yi firamare a makarantar mishan, kansa kuma yana ja, amma babu kuɗin da za a kai shi sakandare. Abin da ya rage masa shi ne noma ko ƙaramin malamin makarantar ƙauye, shi kuwa ransa bai kwanta da ko ɗaya ba. Ana nan sai masu ɗaukar soja suka zo yankin da alkawarin sule ɗaya a rana, ga abinci, ga tufa, ga ganin duniya. A Janairun 1942, yana ɗan shekara 16, ya ba da sunansa ba da son mahaifinsa ba. Ba kishin Sarkin Ingila ne ya kai shi ba, kuma bai san komai game da Japan ba. Yaro ne da ƙauye ya yi wa kaɗan.

Yadda aka yi ɗan mishan daga ƙasar Yarabawa ya samu gurbi yana da nasa dalili. Tun zamanin Lugga, sojan Najeriya na 'yan Arewa ne galibi, har Hausa ta zama harshen bariki, hafsoshin Turawa ma sai sun koye ta. Da yaƙi ya faɗaɗa, sarakuna suka ci gaba da turo samari masu riƙe bindiga, jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, tana kai labarin fagen fama har ƙauyuka. Amma rundunar zamani tana bukatar akawu da direba da makaniki da mai wayar sadarwa da ma'aikacin jinya, mutanen da za su karanta takardar Turanci. Waɗannan sai aka nemo su daga makarantun Kudu. Isaac ya samu horo a Abekuta, aka koya masa aikin jinya, aka sa shi a wani asibitin tafi-da-gidanka mai lamba 29, wanda aikinsa karɓar masu rauni daga bakin daga, a yi musu abin da ya sawwaƙa kafin a wuce da su babban asibiti. Ya yi zama a Saliyo tare da wannan rukuni, shi ya sa abokan aikinsa da yawa 'yan can ne.

A daidai lokacin nan al'amura sun dagule wa Birtaniya a gabas. Singafo ta faɗi a Fabrairun 1942, Rangun ta bi ta a Maris, Japanawa suka koro sojan Ingila har iyakar Indiya. Janar George Giffard, wanda ya daɗe yana shugabantar sojan Afirka ta Yamma, shi ya matsa a kai su Bama. Hujjarsa ita ce wai sun saba da daji da zazzaɓi, kuma suna iya ɗaukar kaya a ka inda mota ba ta shiga. Maganar sabo da daji ba ta da tushe sosai, domin wanda ya tashi a Daura ko Gumel bai taɓa ganin kurmi irin na Arakan, a yammacin Bama, ba. Amma maganar dako gaskiya ce, kuma a kanta aka gina rundunar: dubban 'yan dako aka ɗauka, kowa da kayansa a ka, harsashi da abinci da sassan manyan bindigogi. A 1943 aka kafa runduna ta 81 ta Afirka ta Yamma, aka zuba ta a jiragen ruwa, suka zagaya ta Afirka ta Kudu har Bombai, daga nan jirgin ƙasa ya ratsa Indiya da su zuwa gabas.

Aikin da aka ba su a ƙarshen 1943 shi ne su shiga kwarin kogin Kaladan, su tsare gefen babbar rundunar da ke gangarawa ta bakin teku tana nufin Akyab, garin da yau ake kira Sittwe. Babu hanya, sai suka sare ta da adda da gatari da diga daga Chiringa, mil 70 da wani abu cikin tsaunuka da gora, har ƙaramar jif ta iya bi. Abinci da harsashi daga sama jirage suke jefo musu da laima, kuma su ne babbar runduna ta farko da aka ciyar gaba ɗaya ta wannan hanya. Birged biyu kawai kwamandan rundunar, Janar Woolner, yake da su, domin ta ukun, ta 'yan Najeriya, an ba Chindit. Da farko tafiya ta yi kyau, suka gangara har Kyauktaw. A nan Japanawa suka juyo musu ta inda ba su zata ba, suka ƙwace tudun da ake kira Pagoda Hill a farkon Maris 1944, rundunar ta shiga ja da baya cikin ruɗani.

Mutanen asibiti mai lamba 29 ba su san abin da ake ciki ba. Suna gangarowa kogin ne a kan gadajen gora da aka ɗaure, da magunguna da kayan aiki, suna zaton gaba duk nasu ne. Suka yada zango a bakin ruwa kusa da wani ƙauye da ake kira Mairong. Da safiyar 2 ga Maris, ana shirin tashi, sai wuta ta buɗe daga ɗaya gaɓar. Ma'aikatan jinya ne, ba su da abin mayar da martani. Harsashi ya farfasa wa Isaac ƙashin ƙafar dama, wani ya same shi a jiki, ya faɗi inda yake. Wani likita ɗan Sikotlan, Kyaftin Richard Brown, yana da damar ya tsere cikin daji kamar yadda wasu suka yi, amma ya dawo wurin yaron yana duba shi yana ƙarfafa masa zuciya, har Japanawa suka haye kogin suka kama shi. Daga ranar ba a sake ganinsa ba. Isaac kuwa suka dube shi, suka ga babu amfanin ɓata harsashi, suka bar shi ya ƙarasa da kansa.

Bai ƙarasa ba. Cikin waɗanda suka rage da rai akwai wani saje ɗan Saliyo, David Kargbo, shi ma da rauni a ƙafa. Su biyun nan suka zama dangin juna a wurin da ba su da kowa. Makonnin farko a daji suka yi su, a ƙasa, ƙashi a karye babu ɗori, rauni yana ruɓa, ƙuda na bi, ga sauro, ga ƙishirwa, kogi yana nan kusa amma jan jiki zuwa bakinsa aiki ne. Isaac ma'aikacin jinya ne, ya san abin da irin wannan rauni yake yi wa mutum in babu magani, wannan sanin kuwa ƙarin azaba ne. Abin da ya tsaya tsakaninsu da mutuwa shi ne mutanen ƙauyen, waɗanda suka fara zuwa a ɓoye da 'yar shinkafa da ruwa.

Su wane ne mutanen nan, kuma me ya sa suka kula? Arakan ƙasa ce da mabiya addinin Buddha 'yan ƙabilar Rakhine da Musulmi suke zaune tare, Musulmin nan su ne waɗanda duniya ta sani yau da sunan Rohingya. Da Turawa suka janye a 1942, rikici ya ɓarke tsakanin ɓangarorin biyu, aka kashe dubbai ta kowane gefe, aka ƙone ƙauyuka. Daga nan Musulmi galibi suka karkata ga Birtaniya, wasunsu har suna yi mata leƙen asiri, 'yan Rakhine da dama kuma suka karkata ga Japan, wadda ta yi wa Bama alkawarin 'yanci. Ke nan Musulmin Mairong suna zaune ne a ƙasar da ke hannun Japanawa, ana kallonsu da ido na zargi tun kafin su yi komai. Wanda aka kama yana ɓoye sojan Ingila ya san hukuncinsa, kuma hukuncin ba a kansa kaɗai zai tsaya ba.

Akwai wani abu da bai kamata a tsallake ba, shi ma Isaac bai ɓoye shi ba. Da suka gane mutanen ƙauyen Musulmi ne, sai suka ce musu su ma Musulmi ne. David ya tashi a ƙasar da Musulmi da Kirista suke cuɗanya ƙwarai, ya san abin da zai faɗa a yarda da shi. Ya zama Dauda Ali, Isaac ya zama Sulaiman. Mai karatu Musulmi zai iya jin wani iri, Kirista ma haka. Ni dai ban ga ta inda zan zargi yaro ɗan shekara 18 da ke kwance cikin jininsa a ƙasar da bai san harshenta ba. Kuma wannan bai rage wa mutanen Mairong komai ba. Shinkafar da suka raba daga bakin 'ya'yansu suka cire ta, a shekarar da yaƙi ya cinye amfanin gona, hatsarin da suka shiga kuma bai san sunan da baƙin suka ɗauka ba.

Cikin masu kawo abincin akwai wani manomi mai suna Shuyiman. Shi ne ya yi abin da ya wuce sadaka. Damina a Arakan ba irin tamu ba ce: daga Mayu zuwa Oktoba ruwa yake zuba, abin da ke sauka a shekara ya haura milimita 4,000, alhali Kano ba ta cika kai 1,000 ba. Mai rauni da ke kwance a daji ba zai ga ƙarshenta ba. Shuyiman ya kwashe su ya kai su gidansa, cikin iyalinsa, ya ɓoye su. A nan ne ya kamata mutum ya tsaya ya yi tunani. Miƙa wa mabukaci abinci a daji ka juya abu ne da za ka iya musantawa in an tambaye ka. Amma baƙaƙen fata biyu, waɗanda kowa ya gani ya san daga rundunar da suka fito, a cikin ɗakinka, inda matarka da 'ya'yanka suke kwana, wannan ba shi da musu. Ƙauye kuma ba ya ɓoye sirri sai in ya ga dama. Maƙwabta sun sani, yara sun sani, sintirin Japanawa yana wucewa, wata da watanni babu wanda ya buɗe baki.

Ba su da harshe ɗaya, sai nuni da 'yan kalmomin da suka tsinta a hankali. Ba su da abin biya. Shuyiman bai da tabbacin Turawa za su dawo, domin a watannin nan Japanawa suna can suna kai farmaki cikin Indiya kanta, a Imphal da Kohima, kuma mutumin ƙauye ba shi da hanyar sanin wa ke da nasara. Duk da haka tukunya ɗaya aka ci gaba da ci. A hankali ƙashin Isaac ya haɗe da kansa a karkace, raunin ya fara kamewa. A takardun soja kuwa an riga an rubuta shi cikin waɗanda suka ɓace, ana kyautata zaton ya mutu, aka aika wa iyayensa da haka.

Da ruwa ya ɗauke, runduna ta 81 ta sake shigowa kwarin Kaladan, wannan karo a ƙarƙashin Janar Loftus-Tottenham, Japanawa kuma ƙarfinsu ya riga ya karye a arewa. A Disamba 1944, bayan wata tara, sojojin Birtaniya suka iso yankin, aka fito da mutum biyun da kowa ya fidda rai da su. Rabuwa da Shuyiman ta zo da gaggawa irin ta yaƙi: an ɗauke su, an wuce. Jirgin sama ya kai Isaac asibiti a Indiya, likitoci suka yi abin da za su iya, amma ƙafar dama ta gajarce, ɗingishin nan kuma da shi ya rayu har ƙarshe. Wata guda bayan ceto su, a Janairun 1945, runduna ta 81 da ta 82, ita ma ta Afirka ta Yamma, suka haɗu suka ci Myohaung, tsohuwar hedikwatar sarakunan Arakan.

A 1945 ya dawo gida. David ya sauka a Saliyo, shi ya wuce Legas, hanyarsu ta rabu ke nan. Da ya isa Emure-Ile, mutanen da suka riga suka yi makokinsa suka gan shi yana tahowa yana ɗingishi cikin kaki. Ba wanda ya ruga ya rungume shi. Sai da suka ɗebi ƙasa suka watsa masa, domin a al'adarsu fatalwa ba ta jure wannan, ɓacewa take yi. Ƙurar ta sauka a jikinsa, yana nan tsaye. Sannan aka fashe da kuka da guɗa, aka shiga da shi wurin mahaifin da ya hana shi tafiya.

Bai cika shekara 20 ba a lokacin. Masu rubuta tarihi sukan tsaya a nan, kamar abin da ya rage ba labari ba ne, alhali shekara 67 ce ta rage, kuma a cikinta ne ake ganin irin mutumin da ya fito daga wancan ɗaki. Zamanin ba mai sauƙi ba ne ga tsohon soja. An yi musu alkawarin aiki, aka sallame su da ɗan abin da bai taka kara ya karya ba, takardun da aka tono daga baya ma sun nuna kuɗin sallamar Bature ya kai ninki uku na baƙar fata mai muƙami ɗaya da shi. Tsadar rayuwa ta kai ma'aikata ga babban yajin aikin 1945. Dubban waɗanda suka dawo suka cika Legas da Kaduna da Inugu suna yawon neman abin yi, wasu suka shiga ƙungiyoyin tsofaffin soja, wasu suka bi 'yan siyasa masu neman mulkin kai. Gwamnati ta yi dokar da ta tilasta a ba tsofaffin soja fifiko wajen ɗaukar aiki, amma guraben ba su kai yawan mutanen ba.

Isaac yana cikin waɗanda suka dace, karatunsa na firamare da Turancinsa suka taimake shi. Ya samu aiki a Ma'aikatar Ƙwadago, ya riƙe shi shekara da shekaru har ya yi ritaya. Ya yi aure, ya zauna a Surulere, Allah ya ba shi 'ya'ya da jikoki, karatun da talauci ya hana shi kuma ya tsaya sai da 'ya'yansa suka same shi. Mulkin kai ya zo a 1960, juyin mulki ya biyo baya, yaƙin basasa ya ci shekara biyu da rabi, kuɗin mai ya zo ya tafi, shi yana nan tsakanin ofis da gida da coci. Bai nemi muƙami da raunin ƙafarsa ba, bai mai da shi abin bara ba. An sha rubuta cewa sojan Bama ne suka dawo suka kunna wutar neman 'yanci, kuma akwai ƙamshin gaskiya a ciki. Amma mafi yawansu abin da Isaac ya yi suka yi: suka nemi na halak, suka riƙe iyali, suka kama ibada. A ganina wannan ba ƙaramin aiki ba ne ga wanda ya ga abin da suka gani, domin mun san wasu da yaƙin ya biyo su har gida, suka ƙare a shaye-shaye ko taɓin hankali, babu wanda ya tambayi dalili.

Game da addininsa, abin da ya fi fitowa fili shi ne yadda ya fahimci tsirarsa. Bai ɗauke ta a matsayin jarumtarsa ba, ya san bai harba ko harsashi ɗaya a wannan safiya ba. Ya tsaya a kan cewa Allah ne ya kuɓutar da shi, kuma ta hannun mutane ya yi hakan: likitan da ya ƙi gudu, abokin da ya zauna da shi, manomin da ya buɗe ƙofa. Kirista ne mai riƙo, ya rayu a ƙasar da ake yawan hura wutar gaba da sunan addini, amma shi ba a iya gaya masa cewa Musulmi abokin gaba ne, don ya ci tuwon gidansu a lokacin da ba shi da ko anini. Abin da ya dame shi tsawon rai shi ne bai yi godiya yadda ta kamata ba. Ba shi da adireshi, Bama kuma tun juyin mulkin 1962 sojoji suka rufe ta ruf. Bashin ya zauna masa a zuciya fiye da shekara 60.

Wataƙila wannan nauyin ne ya sa ya ɗauki alƙalami. Ya rubuta labarinsa ba tare da wani ya sa shi ba. A 1989, da sashen Afirka na BBC ya nemi tsofaffin soja su aiko da abin da suke tunawa don cikar yaƙin shekara 50, rubutunsa ya isa Landan. Masanin tarihi David Killingray ya gane darajarsa, ya shirya shi, Jami'ar Wisconsin ta Amurka ta buga shi a 1999 da sunan A Stroke of Unbelievable Luck. Ɗan ƙaramin littafi ne, bai yi kasuwa ba, a Najeriya ma da wuya ka same shi. Amma kofi ɗaya ya shiga ɗakin karatu na gidan tarihin yaƙi da ke Landan, a nan kuma wani ɗan jarida, Barnaby Phillips, wanda ya taɓa zama wakilin BBC a Najeriya kafin ya koma Al Jazeera, ya ci karo da shi. Ya yi cigiya, ya tarar marubucin yana raye a Surulere, ya haura 80, hankalinsa garau.

Tsufa da ƙafa ba za su bar Isaac ya koma Bama ba, sai ya rubuta wasiƙar godiya ya ba Phillips, ko Allah zai sa a samu wani daga zuriyar Shuyiman. A 2011 Phillips ya shiga ƙasar, a lokacin da ba a maraba da 'yan jarida, ya bi kogin Kaladan yana tambaya. Shuyiman ya daɗe da rasuwa, amma iyalinsa suna nan, kuma ba su manta ba. Labarin baƙaƙen sojoji biyu da aka ɓoye a gidansu yana cikin abin da suke ba 'ya'yansu, kamar yadda Isaac yake ba nasa a Legas. Aka karanta musu wasiƙar, aka nuna musu hotonsa, suka yi kuka. Phillips ya dawo wa tsohon da labari da hotunansu. Gidaje biyu, ɗaya a Legas ɗaya a Arakan, kowanne ya riƙe rabin labari shekara 67 bai san ɗayan yana riƙe da sauran ba. Wannan tafiya ita ce fim ɗin The Burma Boy da Al Jazeera ta nuna a shekarar, daga baya kuma Phillips ya faɗaɗa ta a littafinsa Another Man's War na 2014.

Isaac Fadoyebo ya rasu ranar 9 ga Nuwamba 2012, yana da shekara 86, saura 'yan makonni ya cika 87. Saƙonsa ya isa da ƙyar kafin ƙofa ta sake rufewa, domin a watan Yunin wannan shekara rikici ya sake ɓarkewa a jihar Rakhine, ya maimaita a Oktoba, aka ƙone unguwannin Musulmi a Sittwe da kewaye, aka tara fiye da mutum 100,000 a sansanoni. Mutanen da dokar zama ɗan ƙasa ta 1982 ta riga ta mayar baƙi a ƙasar haihuwarsu, sai ga shi ko fita daga ƙauye sai da izini. A Agustan 2017 sojan Myanmar suka far musu, sama da 700,000 suka tsere zuwa Bangaladash, suka cika sansanonin gundumar Cox's Bazar, gundumar da Chiringa take, inda runduna ta 81 ta fara saran hanyarta.

Birtaniya, wadda Musulmin Arakan suka tsaya wa a 1942, ba ita ta kai ƙara ba. Najeriya ma, mai barikin Arakan, ba ita ba ce. A Nuwamba 2019 ƙasar Gambiya ce, da goyon bayan Ƙungiyar Haɗin Kan Ƙasashen Musulmi, ta gurfanar da Myanmar a Kotun Duniya da ke Hague bisa zargin kisan ƙare dangi, ministan shari'arta na lokacin Abubacarr Tambadou ya tsaya gaban alƙalai da kansa. Bataliya ta ɗaya ta sojan Gambiya tana cikin runduna ta 81, kuma ta yi faɗa a kwarin Kaladan a makon da aka harbi Isaac. A Janairun 2020 kotun ta umarci Myanmar ta ɗauki matakan kare Rohingya da suka rage a ƙasar kafin a yanke hukunci.